Sanar da Raunin Dokin Sukuwa

Sanar da raunin dokin sukuwa shi ne tsarin da mai doki ko mai horar da shi yake bi wajen bayyana cewa dokinsa ya ji rauni ko ya kamu da ciwo. Tsarin ya ƙunshi abin da za a faɗa, da lokacin faɗinsa, da wanda za a fara gaya wa. A ƙasashen da doka ta yarda a yi caca a kan sukuwa, irin su Birtaniya, Faransa, Amurka, Ostireliya da yankin Hong Kong, rubutattun ƙa'idoji ne ke tafiyar da shi, saboda dukiyar mutane masu yawa tana rataye a ƙafar dabbar da ba su taɓa gani a barga ba. A Potiskum ta Jihar Yobe da sauran garuruwan Arewacin Nijeriya, inda addini ya haramta caca, masu haƙƙin jin labarin su ne ubangidan doki, da mahayinsa, da mai niyyar sayensa. Ko'ina aka je, jigon maganar shi ne tazarar da ke tsakanin sa'ar da 'yan barga suka sani da sa'ar da wanda asarar za ta hau kansa ya sani.

Raunukan da ake magana a kai

Dokin sukuwa irin na Turai yakan kai nauyin kilo 450 zuwa 500, yana kuma gudun da ya kai kilomita 60 a sa'a. Ƙafafun gaba ne ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyinsa, shi ya sa yawancin raunuka a nan suke aukuwa. Mafi sauƙinsu shi ne kurjewar tafin kofato ko tarin mugunya a cikinsa, wanda kan warke cikin kwanaki ko 'yan makonni. Ciwon jijiyar bayan ƙwauri kuwa yakan ajiye doki wata tara zuwa shekara, kuma sau da yawa yakan dawo. Mafi haɗari shi ne tsagewar ƙashi ta ciki, wadda ɗingishinta bai cika fitowa fili ba har sai ƙashin ya karye ana tsakiyar gudu.

Akwai kuma cututtukan numfashi guda biyu da suka shafi gudu kai tsaye. Ɗaya haɓo ne da ke tasowa daga huhu idan doki ya yi gudu mai tsanani. Ɗayan shanyewar wani ɓangare na maƙogwaro ne, wanda kan sa a ji dokin yana gurnani idan ya saki jiki, kuma ana yi masa tiyata. Duk waɗannan, wanda ke kwana da doki yakan riga kowa ganin alamarsu.

Yadda labari ke tafiya a Potiskum

Potiskum mazaunin sarakuna biyu ne: Sarkin Fika, wanda aka ƙaurar da fadarsa zuwa garin a 1924, da Mai Potiskum. Doki a nan abin hawan sallah ne, da rakiyar sarki, da kilisa, da bukukuwan aure, da sukuwar da masu dawaki kan shirya a tsakaninsu ko su tafi wasu garuruwa su yi. A manyan gasannin Arewa akan raba dawaki aji-aji, 'yan ƙasa daban, na Sudan daban, na Turai daban, kuma masu dawaki daga Nijar, Chadi da Kamaru sukan halarta.

Labarin rauni da baki yake yawo, hawa-hawa. Yaron barga ne yakan lura da asuba cewa doki ya bar harawarsa, ko yana ɗage ƙafa ɗaya a turke, ko jijiyarsa ta yi zafi. Shi zai gaya wa babban mai kula da barga, wanda a fadojin ƙasar Hausa kamar ta Kano aikin Shamaki ne tun asali. Daga nan sai maganar ta isa ga ubangida, shi ne zai yanke ko a kira likitan dabbobi ko a yi na gida, kamar gashi da ruwan ɗumi, ko ɗauri, ko lalas. Na waje idan ya tambaya, amsar da ya fi samu ita ce “bai ji daɗi ba” ko “yana hutawa”.

Wannan kame baki yana da dalilai sanannu. Dokin da aka san ya taɓa jijiya darajarsa takan faɗi a kasuwa ko da ya warke. Abokin hamayya a fili ba a son ya san inda rauni yake. Masu dawaki da yawa suna tsoron kambun baka, don haka ko lafiyar doki ba su cika yaɗawa ba, balle ciwonsa. Sannan akwai tsoron yaron barga kansa, wanda kan jinkirta faɗa don kada a ce sakacinsa ne. Wannan jinkirin ya fi cutar da mahayi, domin shi ne zai faɗi tare da dokin.

Kasuwa, dillali da hukuncin aibi

Inda sirrin barga yake cin karo da haƙƙin wani shi ne wurin ciniki. Kasuwar shanu ta Potiskum, mai ci ranar Laraba, tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. Cinikin dawaki ya fi ƙarfi a kasuwannin kan iyaka, kamar Maigatari a Jihar Jigawa da Mai'aduwa a Jihar Katsina, amma ƙa'idar dillanci ɗaya ce a dukkansu. Dillali yana cin la'ada ne a kan ya san dabbar, ya san mai ita, kuma gobe za a same shi a inda aka bar shi idan magana ta taso.

Mai saye da ya san doki ba ya dogara da baki kaɗai. Yakan sa a ja dokin a ƙasa mai tauri, a juya shi a ƙunci dama da hagu, ya shafa jijiyoyi yana neman zafi ko kumburi, ya ɗaga kofato, ya duba haƙora don sanin shekaru, ya duba gadon baya ko sirdi ya bar miki, sannan a zabure shi ya saurari numfashinsa. Allurar kashe zafi ta zamani ta rage ƙarfin wannan gwaji, domin tana iya ɓoye ɗingishi na sa'o'i.

Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na Arewa ke aiki da shi daga littattafai irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil, ya wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani. Idan mai saye ya gano aibin da ya riga ciniki, wanda ke rage daraja kuma bai gan shi ba, yana da zaɓin mayar da dabbar ya karɓi kuɗinsa. Cewa “abin da ka gani na sayar maka” ba ya kuɓutar da wanda ya ɓoye abin da ya sani. Shi ma mai saye, idan ya ci gaba da hawan dokin ba da larura ba bayan ya ga aibin, ana ɗauka ya yarda.

Matsayin caca

Alƙur'ani ya haramta caca a Suratul Ma'ida, aya ta 90. Tseren kansa halal ne, domin ya tabbata cewa Annabi (SAW) ya shirya tseren dawaki a Madina, kuma malamai sun halatta kyautar da shugaba ko wani wanda ba ya cikin masu tsere ya sa. Abin da aka hana shi ne 'yan kallo su zuba kuɗi, wanda ya canka ya kwashe. Yobe tana cikin jihohi 12 da suka faɗaɗa aiki da shari'a daga shekarar 2000. A ranar 22 ga Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke cewa ikon tsara caca na jihohi ne, dokar caca ta tarayya ta 2005 kuma a Babban Birnin Tarayya kaɗai take aiki. Tseren dawakin da ake nunawa a allon shagunan caca na birane zanen kwamfuta ne, ba shi da barga, ba shi da rauni.

A Jamhuriyar Nijar hukumar caca ta gwamnati, LONANI, tana karɓar kuɗi a kan tseren da ake yi a Faransa, bisa tsarin PMU wanda Faransa ta kafa a farkon shekarun 1930. Mai caca a Maraɗi ko Damagaram yana zaɓen dawakin da ke gudu a filayen birnin Faris kamar Vincennes da Longchamp, kuma duk abin da ya sani game da lafiyarsu daga takardar shirin tsere yake samunsa, sai kuma sanarwar dokin da aka janye.

Hanyoyin sanarwa a ƙasashen waje

A Birtaniya hukumar BHA ce ke kula da tsere tun 2007. Mai horo yana tabbatar da dokinsa sa'o'i 48 kafin tsere. Idan zai janye shi bayan haka, sai ya kawo dalili, ko da takardar likita ko da shaidar kansa, kuma dokin zai yi kwanaki bai shiga wani tsere ba. Tun 19 ga Janairu 2018 wajibi ne a bayyana cewa an yi wa doki tiyatar maƙogwaro, a kuma sa alama a takardar shiri ranar da zai fara gudu bayanta. Bayan tsere, mahayi da mai horo suna kai rahoton duk abin da ya hana doki yin abin da aka zata, kamar haɓo ko ɗingishi, kuma ana wallafa shi.

Ostireliya takan dakatar da dokin da ya yi haɓo ta kafofin hanci biyu na wata uku, idan ya maimaita kuma ya bar tsere ke nan har abada. Bayan mutuwar doki Anthony Van Dyck a gasar Kofin Melbourne ta 2020, an wajabta ɗaukar hoton ƙasusuwan dawakin gasar tun daga 2021, kuma a 2024 wannan gwaji ya sa aka cire Jan Brueghel, ɗaya daga waɗanda aka fi sa wa rai. Kulob ɗin tsere na Hong Kong, da aka kafa a 1884, yana wallafa tarihin rauni da jinyar kowane doki a shafinsa na intanet. A Amurka hukumar HISA ta fara aikin kiyaye lafiya a ranar 1 ga Yuli 2022. Can likitan hukuma yana da ikon da ya fi na mai doki, kamar yadda aka gani a 2023 da aka cire Forte da safiyar ranar gasar Kentucky Derby saboda kurjewar ƙafar dama ta gaba.

Inda ƙa'ida ta gaza

Giɓin da ke cikin waɗannan ƙa'idoji ya fi faɗi a cacar da ake yi makonni ko watanni kafin babban tsere. A irin wannan, idan doki bai gudu ba, kuɗin mai caca ya tafi, kuma a Birtaniya mai horo ne ke zaɓen lokacin da zai yi magana da inda zai yi ta. Tun da kamfanin Betfair ya buɗe a 2000, ana iya cin riba a kan rashin nasarar doki, don haka duk wanda ya ji labarin rauni da wuri yana riƙe da abin sayarwa. BHA ta hana masu horo da ma'aikatansu yin caca a kan rashin nasarar dawakinsu, ta kuma hana sayar da labarin cikin gida. Duk da haka akan ga farashin doki ya sauya a kasuwar caca kafin a ji sanarwa. A Nuwamba 2017 an yi ta cece-kuce a kan doki Altior, saboda labarin janye shi daga wani babban tsere ya fito ne ta shafin kamfanin cacar da mai horonsa ke rubuta wa sharhi.

Saurin magana shi ma yana da tasa illar, domin jikin dabba ba ya bin alƙawari. A 2005 an sanar cewa Kicking King ba zai shiga gasar Kofin Zinare ta Cheltenham ba, ya warware, ya shiga, ya ci. A 2010 haka ta faru da Binocular a babban tseren tsallake na Cheltenham. A duka biyun an samu waɗanda suka yi caca a farashin da fam ɗaya ke jawo 999, a lokacin da kowa ya ɗauka dokin ya fita. Masu horo suna kafa hujja da wannan cewa sai an jira sakamakon likita, kuma mai doki ne ya cancanci fara ji tunda shi ke biyan kuɗin barga. Masu caca kuma suna cewa kuɗinsu ne ke riƙe da wasan, ta hanyar harajin da Birtaniya ke karɓa daga kamfanonin caca tun farkon shekarun 1960.

Kwatanci

Akwai wurin da tsarin ƙasashen waje da na Arewacin Nijeriya suka haɗu. A Amurka ana yin wani nau'in tsere da kowane doki a cikinsa na sayarwa ne a kan farashin da aka yanka tun kafin a tashi. A ƙarƙashin ƙa'idar HISA, cinikin yana warwarewa idan dokin ya mutu a fili ko likita ya same shi da ɗingishi bayan tseren, wanda ya yi kusa da hukuncin mayar da dabba mai aibi a fiƙihu. Bambancin yana ga hujja. Can akwai rajista da lambar shaida da rahoton likita da ke bin doki duk inda aka kai shi. A Arewacin Nijeriya tarihin lafiyar doki yana cikin kan yaron barga da dillali, kuma idan doki ya ratsa kasuwa biyu ko uku, sabon mai shi da mahayinsa ba su da inda za su duba.