Koyon kimiyya da fasaha a wajen aji a Jihar Kano

Koyon kimiyya da fasaha a wajen aji shi ne ilimin kimiyya, lissafi, ƙere-ƙere ko kwamfuta da yara da matasa ke samu a lokutan da ba na darasi ba, kamar bayan an tashi daga makaranta, ko ranakun Asabar da Lahadi, ko a dogon hutu. Ya ƙunshi ƙungiyoyin ɗalibai, gasanni, cibiyoyin horo, koyon sana'a a hannun maigida, da kuma karatun da mutum ke yi da kansa ta waya. A Jihar Kano mafi yawan cibiyoyin da ke ba da irin wannan horo suna cikin birni. Matasan ƙananan hukumomin karkara, irin su Karaye da Rogo da ke yammacin jihar, sun fi dogara da makarantunsu da shagunan masu sana'a da wayar hannu.

Tarihi

Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, jihar ta yi fama da ƙarancin likitoci da injiniyoyi da ma'aikatan fasaha 'yan asalinta. Domin magance wannan, a 1977 gwamnati ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya guda biyu na maza, ɗaya a Dawakin Kudu, ɗaya a Dawakin Tofa, inda ake ɗaukar ɗalibai ta hanyar jarrabawa. Daga baya aka buɗe ta 'yan mata a Taura, wadda ta faɗa Jihar Jigawa a 1991. Da yake makarantun na kwana ne, ɗalibai na da lokacin yamma da na dare domin bita da gwaje-gwaje. Sai dai yaran da ke samun gurbi a cikinsu ƙalilan ne, saboda haka sauran ɗaliban jihar suka ci gaba da neman ƙarin ilimin kimiyya ta wasu hanyoyi.

Ƙungiyoyi da gasanni

Sananniyar ƙungiyar kimiyya a makarantun sakandaren Najeriya ita ce JETS, wato ƙungiyar ƙananan injiniyoyi da masu fasaha da masana kimiyya. 'Yan ƙungiyar kan haɗu da malami bayan darasi, su haɗa abubuwa kamar sabulu, ƙararrawar lantarki ko matatar ruwa, sannan su je gasa a matakin shiyya da jiha da ƙasa. Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Najeriya, STAN, wadda aka kafa a 1957, ita ma tana shirya kacici-kacici da baje kolin ayyukan ɗalibai. Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja kuwa tana gudanar da gasannin da ake tace ɗaliban da za su wakilci Najeriya a ƙasashen waje. Ƙarfin irin waɗannan ƙungiyoyi a kowace makaranta ya danganta ne da samun malami mai himma da kuɗin sayen kayan aiki.

Cibiyoyin horo

CITAD, cibiyar bunƙasa fasahar sadarwa da ci gaban al'umma, ta faro a Kano a 1996 a matsayin shirin koyar da kwamfuta. Tana horar da matasa, musamman 'yan mata, kuma tana fafutukar kai intanet ƙauyukan da ba su da shi. Cibiyar Engausa, wadda Injiniya Mustapha Habu Ringim ya kafa, ta yi suna wajen koyar da haɗa sola, gyaran waya da sanya kyamarorin tsaro da harshen Hausa gauraye da Turanci, kuma tana karɓar almajirai da waɗanda ba su yi zurfi a boko ba. Akwai kuma Startup Kano da Blue Sapphire Hub da ke horar da masu son kafa kasuwanci ta fasahar zamani. A kasuwar waya ta Farm Centre matasa da dama na koyon gyara a hannun iyayen gidansu.

A matakin tarayya, hukumar NITDA da aka kafa a 2001 tana shirya wa yara horon hutu kan rubuta manhaja da haɗa mutum-mutumi. A ƙarshen 2023 Ma'aikatar Sadarwa a ƙarƙashin Bosun Tijani ta ƙaddamar da shirin 3MTT domin horar da mutum miliyan 3, inda aka fara da mutum 30,000. Galibin darussan shirin ta intanet ake yin su, don haka sai mai waya ko kwamfuta da kuɗin data ke iya bin su.

Karaye da Rogo

Ƙananan hukumomin biyu suna da mazaɓa ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma su ne ke ƙarƙashin Masarautar Karaye mai daraja ta biyu da aka kafa a 2024. A ƙidayar 2006 Karaye na da mutane sama da 140,000, Rogo kuma sama da 220,000. Rogo ta yi iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, kuma garin ya fi kusa da Zariya a kan birnin Kano. Yawancin jama'ar yankin manoma ne, suna noma masara, dawa, rake da kayan lambu.

Babban aikin injiniya a yankin shi ne madatsar ruwa ta Challawa da ke Karaye, wadda aka kammala a 1992. Tsayinta mita 42 ne, tsawonta ya kusa kilomita 8, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗejia da Jama'are ce ke kula da ita. Noman rani da kamun kifi sun sa matasa da yawa sun saba da injin ban-ruwa da janareto tun kafin su gamu da su a littafi. Haka ma a garejin kanikawa, shagon walda, wurin cajin waya da wajen masu haɗa sola.

Abin da ake koya a waɗannan wurare yana da alaƙa da manhajar makaranta kai tsaye. Alal misali, faifan sola mai ƙarfin wat 300, idan ya samu rana mai kyau ta awa biyar, zai ba da wutar da ta kai wat-awa 1,500 kafin a cire asarar da ake yi a waya da batir. Yaron da ya iya wannan lissafi ya riga ya fahimci wani ɓangare na darasin lantarki da ake tambaya a jarrabawar WAEC da NECO. Giɓin da ake samu shi ne maigida kan koyar da yadda ake yi ba tare da bayanin dalili ba, malamin aji kuma kan yi bayanin dalili a allo ba tare da kayan gwaji ba.

Matsaloli

Lokaci: Yara da yawa na zuwa Islamiyya ko makarantar allo da yamma da kuma ƙarshen mako. Dogon hutu na faɗowa a tsakiyar damina, lokacin da ake buƙatar samari a gona.

Nisa da kuɗi: Zuwa cibiyar horo a Kano daga Karaye ko Rogo na buƙatar kuɗin mota da masauki. Wannan ya fi shafar 'yan mata, domin iyaye ba su cika barin su yin nisa da gida ba.

Wuta da intanet: Kwamfuta ba ta da amfani inda babu tsayayyar wuta. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya ta kwamfuta, saboda haka ɗalibin da bai taɓa riƙe ta ba yakan yi asarar lokaci a ɗakin jarrabawa, ko da ya san amsa.

Harshe: Da Turanci ake koyar da kimiyya a sakandare, kuma yawancin bidiyoyin koyarwa na intanet da Turanci suke.

Tsaro: A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan sace ɗalibai mata a Jangebe ta Jihar Zamfara, gwamnatin Kano ta rufe makarantun kwana goma da ke wajen birni na wani lokaci, ciki har da makarantar Unity ta Karaye. Idan aka rufe makarantar kwana, ayyukan yamma da na dare su ma sun tsaya.

Misalan masu koyo da kansu

A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar lissafi da makamashi a Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a Kano da tsofaffin kayan mota da na babur. Jirgin ya ɗaga sama da kimanin ƙafa bakwai, kuma ya ce a intanet ya koyi yadda irin wannan jirgi ke tashi. A ƙasar Malawi, William Kamkwamba ya bar makaranta saboda rashin kuɗi yana ɗan shekara 14, ya riƙa aron littattafai a wani ƙaramin ɗakin karatu, har ya haɗa injin iska da ya ba gidansu wuta a farkon shekarun 2000.

Kayan koyo masu sauƙin kuɗi sun ƙaru tun daga lokacin. Allon lantarki na Arduino ya fito a Italiya a 2005, manhajar Scratch ta koya wa yara rubuta umarnin kwamfuta ta fito a Amurka a 2007 kuma kyauta ce, sai ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi da ta fito a Birtaniya a 2012. Ana iya amfani da su duka ba tare da intanet ba, kuma ƙaramin faifan sola da batir sun isa su riƙe su.

Manufofin gwamnati

A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ayyana ilimin firamare da sakandare kyauta kuma dole a jihar. Kano na cikin jihohin farko da suka shiga shirin AGILE na Bankin Duniya da aka amince da shi a 2020, wanda ya haɗa da koya wa 'yan mata amfani da kwamfuta da dabarun rayuwa. A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, inda aka fi mayar da hankali ga gyaran azuzuwa, samar da kujeru da ɗaukar malamai.