Wasa Farin Girki: Tarihin Ƙaramin Jirgin Sama Mai Rimot

Duk wanda ya tashi a Hunkuyi ko ƙauyukan da ke kewaye da ita ya san ƙugin ƙananan jiragen koyon tuƙi da ke tasowa daga Zariya. Muna yara, da mun ji shi sai mu saki abin da ke hannunmu mu ɗaga kai. Bayan girbin dawa kuma, idan kara ya bushe, mukan fere shi mu fitar da totuwa, mu soke ta da siraran ɓawonsa, mu haɗa jirgi mai fiffike da jela har da farfela. Ba ya tashi, sai dai ka riƙe shi ka ruga a guje kana yi masa ƙugi da baki. Manya kan kira wannan shiririta. Tarihin sufurin sama kuwa ya nuna cewa ƙaramin jirgi ya riga babba tashi, kuma masu wasa ne suka share wa injiniyoyi hanya.

A watan Agustan 1871, wani matashi Bafaranshe mai suna Alphonse Pénaud ya saki wani ɗan jirgi mai tsawon kusan rabin mita a gaban masana a birnin Paris. Igiyar roba da aka murɗe ce ke juya farfelarsa. Ya yi tafiyar mita 40 cikin daƙiƙa 11. Abin da ya ɗauki hankalin masanan shi ne yadda jirgin ke daidaita kansa a iska ba tare da matuƙi ba, saboda yadda aka tsara jelarsa da karkatar fikafikansa. A 1878, can a Amurka, wani limamin coci mai suna Milton Wright ya kawo wa ’ya’yansa biyu, Wilbur da Orville, tsarabar wani abin wasa mai tashi sama wanda aka ƙera bisa fasalin Pénaud. Suka yi ta wasa da shi har ya lalace, sannan suka ƙera nasu. Ranar 17 ga Disamba, 1903, waɗannan yaran ne suka tayar da jirgi mai inji na farko da mutum a ciki. Tashin farkon ya ɗauki daƙiƙa 12, tazararsa kuma mita 37, wato bai kai ta ɗan jirgin roban Pénaud ba.

Sarrafa na’ura daga nesa kuwa, Nikola Tesla ya nuna yiwuwarsa tun 1898 a New York, inda ya tuƙa ƙaramin kwalekwale da igiyar rediyo. Haɗa wannan fasaha da jirgin wasa ya jira har 1937, lokacin da wasu tagwaye a jihar Michigan, Walter da William Good, suka haɗa gwiwa: ɗaya gwanin ƙera jiragen wasa, ɗaya gwanin rediyo. Jirginsu mai suna Guff ya ci gasar ƙasar sau da dama, kuma yau yana ajiye a gidan tarihi na Smithsonian. A waɗannan shekarun ne wani ɗan fim haifaffen Ingila, Reginald Denny, ya buɗe shagon sayar da jiragen wasa a Hollywood. Daga wannan shago aka samu kamfanin Radioplane, wanda ya ƙera wa sojojin Amurka jirage marasa matuƙa kusan 15,000 a Yaƙin Duniya na Biyu, domin koyon harbo jirgi. Ke nan jirgi maras matuƙi da ake ta zancensa a yau jikan jirgin wasa ne.

Mu dawo gida. Jirgin sama ya fara sauka a Nijeriya ne a Kano, ranar 1 ga Nuwamba, 1925, sa’ad da jirage uku na sojan saman Birtaniya suka iso daga Masar ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. A 1964 aka kafa kwalejin koyon aikin jirgin sama ta Zariya, wadda jiragenta ke ratsa samaniyar Hunkuyi. A Kaduna, kwalejin fasaha ta rundunar sojan sama ta fito da jirgi maras matuƙi mai suna Gulma a Disambar 2013, sannan rundunar ta fito da Tsaigumi a Fabrairun 2018, wanda aka yi da haɗin gwiwar wani kamfanin ƙasar Fotugal. Sunayen ma da gangan aka zaɓe su, tunda aikinsu leƙen asiri ne. A ɗaya gefen akwai masu fafutukar kansu, irin su Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami’ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a 2007 da injin tsohuwar mota da tarkacen ƙarafa, har labarinsa ya zaga duniya.

Idan aka jera waɗannan, za a ga muna da tsani mai matakin ƙasa da na sama, babu na tsakiya. A ƙasa ga yaro da jirgin kara, a sama ga kwaleji mai tsadar shiga. Matakin tsakiyar shi ne ƙaramin jirgi mai rimot, inda hannu ke haɗuwa da lissafi. Mai ƙera shi dole ya koyi auna nauyi: idan aka ɗora jirgin a kan yatsu biyu, ya kamata ya daidaita a wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na faɗin fiffike daga gaba. Nauyi ya rinjaya baya, jirgin ya ƙi jin magana ya faɗo. Dole kuma ya san yadda rimot ke aika saƙo ga na’urar da ke cikin jirgi, ita kuma ta umarci ƙananan injinan da ke motsa jela da gefen fikafikai. Zuwan batir marar nauyi da ƙananan injinan lantarki ya sauƙaƙa abin ƙwarai, har farin soson da ake tallafe firiji da shi a kwali kan isa a yanka jiki da fiffike. A Amurka akwai ƙungiyar masu wannan sha’awa tun 1936, mai rassa da filaye da gasa. Ɗaya daga cikin dattawanta, Maynard Hill, ya ƙera jirgin da bai kai kilo 5 ba, wanda ya tsallake Tekun Atlantika a Agustan 2003, tafiyar kilomita 3,000 da ɗoriya cikin kusan awa 39. Shekarunsa 77 a lokacin, idanunsa kuma sun yi rauni matuƙa.

Sai dai samaniyarmu ba ta wasa ba ce a yanzu. Tun Mayun 2016 hukumar kula da sufurin sama ta Nijeriya ta hana tayar da jirgi maras matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Bayan abin da ya faru a Tudun Biri ranar 3 ga Disamba, 2023, inda jirgin soja maras matuƙi ya hallaka aƙalla mutum 85 a wurin Mauludi, babu mai hankalin da zai zargi ɗan ƙauyen da ya firgita da ganin wani abu na shawagi a kansa. Matashin da ya tayar da jirgin soso a bayan gari shi kaɗai yana iya ƙarewa a hannun jami’an tsaro kafin ya yi bayani.

Mafita tana cikin tarihin da muka bibiya: ƙungiya mai rajista, fili sananne nesa da filin jirgi, rana tsayayya, da sanin hakimi da ’yan sanda. Makarantar sakandare ɗaya a Hunkuyi, Makarfi ko Ikara, da malamin kimiyya guda mai himma, da tsofaffin ɗalibai da za su sayi rimot biyu da batura, sun isa a fara. Masu koyar da tuƙi da gyaran jirgi suna nan Zariya, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Kaka na zuwa, kara zai bushe, kuma yaran za su ƙera jiragensu ko mun kula ko ba mu kula ba. Abin da ya rage gare mu shi ne mu sama wa jirgin wani yaro guda hanyar barin hannunsa.