M-Pesa da ƙananan sana'o'i a Kenya

M-Pesa tsari ne na ajiya da aika kuɗi ta wayar salula, wanda kamfanin sadarwa na Safaricom ya ƙaddamar a Kenya cikin watan Maris na 2007. Kalmar "pesa" na nufin kuɗi a harshen Suwahili. Mutum kan kai tsabar kuɗi wurin wakili a zuba masa a lambar wayarsa, ko da ba shi da asusun banki.

Abin da ya fi durƙusar da ƙaramin ɗan kasuwa shi ne karyewar jari: kaya sun ƙare, waɗanda suka ci bashi ba su biya ba, banki kuma ba ya ba da rance sai da jingina. Ta nan tsarin ya taimaka. Masu shaguna da yawa sun zama wakilai suna samun kamasho, kuma an rage yawo da tsabar kuɗi, abin da ya rage fargabar ɓarayi.

A 2012 aka ɓullo da M-Shwari tare da bankin CBA, inda ake duba yadda mutum yake hada-hada a wayarsa kafin a ba shi ƙaramin rance na kwana 30. A 2013 Lipa na M-Pesa ya ba shaguna lambar karɓar kuɗin ciniki.

Sai dai rancen gajere ne, kuma da kuɗin hidima a kansa. Wanda ya kasa biya kan shiga rajistar masu taurin bashi, sannan samun wani rance ya yi masa wuya.