Sunan Allah a bakin Musulmi da Kirista: abin da tarihin Hausa a ƙasar Madarunfa ke nunawa

1. Gabatarwa

Shin Allah ɗaya Musulmi da Kirista ke bauta wa? Hukunci a kan wannan tambaya na malaman addini ne. Aikinmu a nan shi ne bin tarihin kalmar kanta a kwarin Maraɗi, domin mu gano inda saɓanin yake.

2. Kalmar kafin zuwan mishan

Kalmar Allah ta shigo Hausa daga Larabci, amma ta daɗe da zama ƴar gida. Lokacin da Katsinawan da jihadi ya kora suka kafa Maraɗi wajajen 1819, sun tarar da Anna a kwarin. Anna na yin yanka ga iskoki, duk da haka Allah suke kiran Mahalicci. Tabkin Madarunfa, inda ake ziyarar kaburburan waliyyai 99, yana cikin wannan ƙasa da malamai da masu bori suka daɗe suna zaman maƙwabtaka. Ke nan kalmar ta riga ta tsallake iyakar addini guda tun kafin a ga Kirista a yankin.

3. Zaɓin masu fassara

James Schön ya fitar da Linjilar Matiyu da Hausa a 1857, cikakken Littafi Mai Tsarki kuma ya fito a 1932, bisa aikin Walter Miller na Zariya da abokansa. Ƴan mishan na SIM, da suka sauka Damagaram a 1924, suka buɗe Tsibiri bayan ƴan shekaru, daga baya kuma asibitin kutare na Danja, da wannan fassara suka yi wa'azi. Kalmomi biyu ta ɗauka: Allah da Ubangiji. Ta biyun Bahaushiya ce, tushenta uban gida, kuma da ita Musulmi ke fassara Rabbu. Akwai "uba" a cikinta, amma ba mai jin ma'anar haihuwa.

4. Inda aka rabu

Rabuwar ta zo ne a kan Uba da Ɗa. Ga Bahaushe, ɗa na nufin haihuwa, shi ya sa "Ɗan Allah" ke karo da Suratul Ikhlasi kai tsaye. Haka nan masu fassara suka zaɓi Yesu, suka bar Isa, sunan da jama'a suka sani. A ilimin harshe muna bambanta wanda kalma ke nunawa da siffofin da ake jingina masa. Ɓangarorin biyu Mahaliccin da ya yi magana da Ibrahim suke nunawa, kamar yadda aya ta 46 a Suratul Ankabut da taron Batikan na biyu a 1964 suka ɗauka. Siffofin ne suka sha bamban, kuma bambancin ba ƙarami ba ne.

5. Kammalawa

A Maleshiya, kotu ta hana wata jaridar Katolika amfani da kalmar Allah a 2013. A Maraɗi an kai wa coci-coci hari a 2000 da 2019, amma ba a kan sunan ba. Kirista da Musulmi a kasuwar Madarunfa, "Allah ya kiyaye" suke ce wa juna, kowa kuma ya amsa da amin. Muna ganin duk muhawarar da za a yi a ƙasar Hausa ya kamata ta fara daga wannan gado, sannan ta fuskanci siffofin da gaskiya.