Daga Sansanin Allura Zuwa Gindin Turke

Cutar bushiya ce ta haifi aikin malamin dabbobi a ƙasar Hausa. Wajen 1890 ta shigo daga gabas ta share garkunan Fulani, har mai shanu ɗari ya wayi gari da sanda kawai a hannu. Turawan mulki sun tarar da zafin abin bai huce ba, su kuma idonsu na kan jangali, wanda ba ya taruwa sai shanu na raye. Shi ya sa aka buɗe sashen kula da dabbobi a Zariya a 1913, aka mai da ɗakin bincikensa Vom a 1924, inda aka shiga haɗa maganin rigakafi.

Rigakafin farko ba na wasa ba ne. Sai a tara shanu a sansani, a yi wa kowace saniya allura biyu: ɗaya ta jinin dabbar da ke ɗauke da cutar, ɗaya ta ruwan jinin wadda ta warke. Saniya za ta yi zazzaɓi, wata ta yi zawo, wata ma ta tafi ke nan. Dole a tsare garken kwana da kwanaki har ciwon ya sake su. Likitocin Turawa ba su fi a ƙirga da yatsu ba, don haka 'yan ƙasa ne ke kwana a sansanin, suna auna zafin jiki, suna ware wadda ta kwanta, suna ɗura mata ruwa. A wurina su ne kakannin sana'armu, kuma jinya suka fara yi tun ba a sa mata suna a takarda ba.

Daga baya makarantu suka zo: ta Kano a 1934, ta Vom a 1941, sannan ta hanyar Mando a Kaduna. Maganin ma ya yi ta sauyawa, daga wanda ake rainon ƙwayarsa a jikin akuya zuwa na Walter Plowright, wanda ba ya kwantar da dabba amma ba ya jure zafi. A Kano aka yi taron 1961 da ya tsara gangamin JP15, aka fara shi a 1962 a Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. Magabatanmu sun bi ruga-ruga da akwatin ƙanƙara, duk saniyar da aka yi wa allura a huda mata kunne don shaida. Da aka yi sakaci cutar ta dawo, ta yi mummunar ɓarna a 1983. Rabon Najeriya da ita tun 1987, a 2011 kuma aka shelanta cewa ta ƙare a duniya. Ina alfahari da wannan tarihi, domin ƙafafun malaman dabbobi ne suka taka shi.

Sai dai duk wannan horo na garke ne. An koya mana kama dabba, da soka allura, da cike takardar adadi. Wanda aka turo shi yammacin Kano, wajen Gwarzo da Kabo, zai ga yawancin masu buga masa ƙofa ba masu garke ba ne. Manomi ne daga Dugabau da san huɗarsa ya kwanta ana gab da shuka. Matar aure ce da akuya ɗaya tak, wadda take sa ran sayar da 'ya'yanta ta yi wa 'yarta kayan ɗaki. Mai turka ne da ya ɗura wa rago dusa da hatsi don ya cika ido kafin Babbar Sallah, sai tumbi ya tsaya. Ga waɗannan, dabba ɗaya ita ce dukiyar gaba ɗaya, likita mai digiri kuwa yana birni. Malamin dabbobi ne a kusa, shi da babur da jaka.

Jinyar dabbar da ta kai gargara aiki ne na ido da hannu. Kafin ka buɗe jaka, sai ka ɗaga fatar idonta. Idan ta yi fari fat, jini ya ƙare, kuma a yankin da dabbobi ke kiwo a fadama ko bakin madatsa irin ta Guzuguzu, ciwon hanta ne ke fara zuwa maka a rai. Ka ja fatar wuya ka saki. Idan ta tsaya ba ta koma ba, ruwan jiki ya tafi. Ka auna zafi, wanda a saniya mai lafiya yake tsakanin digiri 38 da 39. Ka dafa kwiɓin hagu ka ji ko tumbi na motsi. Sannan ƙarin ruwa ta jijiyar wuya, a rataye ledar a reshen darbejiya ko a ba yaro ya riƙe. Saniyar da ta kasa tashi ba a barinta kwance a gefe guda, domin cikinta zai kumbura, naman cinyar da ta danne kuma ya mutu. Sai a tokare ta da buhunan ƙaiƙayi ta zauna a kan ƙirjinta, a riƙa juya ta bayan 'yan sa'o'i, dare da rana. Wannan juyin shi ne abin da ya fi ceton rai, shi ne kuma abin da ba mai son biya, tunda ba a gan shi a kwalba ba. Rabin aikin ma koyarwa ne, domin kai za ka tafi, matar gida da yara ne za su kwana a gindin turke.

Akwai ciwon da magabatanmu ba su sani ba, wato leda. Akuya da tunkiya na yawo a juji suna haɗiye ta, ta dunƙule a tumbi, dabba ta yi ta ramewa cikinta na girma. Ba allurar da ke narka ta, sai tiyata. Likita ke yanka, amma mu ke aske wurin, mu riƙe, mu wanke ciwon kullum, mu lallaɓa dabbar ta koma cin harawa kaɗan-kaɗan. Ko tiyata ta yi kyau, kwanakin da ke biye ne ke nuna ko dabbar za ta rayu.

Abin da ya fi nauyi a aikin nan shi ne wuƙa. Sau da yawa ba a kiranka sai an gama gwada kanwa da jiƙe-jiƙe da allurar da aka sayo a kasuwa. Kana isa, tambayar farko ita ce: "Malam, za ta tashi, ko a kira mahauci?" Mai dabba na tsoron mushe, kuma yana da gaskiya. Idan ka ce a yi magani ta mutu cikin dare, ka jawo masa asara biyu. Idan ka zuba mata magani mai ƙarfi sannan aka yanka washegari, nama mai magani ya shiga tukunyar mutane. Akwai kuma inda dole ka hana yankan ɗungurungum, kamar dabbar da ta faɗi farat ɗaya jini na fita ta hanci da dubura, domin ciwon saifa na kama mutum. Wannan hukunci a cikin 'yan mintoci ake yanke shi, a gaban jama'a, kuma a bakin tsofaffin malamai muka koye shi fiye da a aji.

Har yau tsarin bai sauya sosai ba. Murar tsuntsaye da ta ɓulla a Kaduna da Kano a 2006 ta sake tara mu a gangami, haka rigakafin ciwon huhu na shanu da na annobar awaki da tumaki a kowace shekara. Ina goyon bayan gangamin, amma yana zuwa ne ya wuce, a bar malami da majinyatansa. Abin da muke nema a ƙananan asibitocin karkara ba shi da yawa: rumfa mai inuwa da za a kwantar da dabba biyu ko uku, ruwan ƙari a ajiye, firiji mai aiki da hasken rana, madubin duba jini da kashi, da likitan da za a kira a waya ya amsa. Makarantun da ke yaye mu, daga Vom da Mando har Kwalejin Audu Bako ta Ɗambatta, su ma ya kamata su ba jinya lokaci daidai da wanda suke ba allura, su riƙa tura ɗalibi ya kwana a kan saniyar da ta kwanta kafin a miƙa masa takardar shaida.