Akushi: Tarihin Sassaƙa da Yaƙinta da Fumfuna

Daga cikin sana'o'in gargajiya da suka riƙe garinmu tun kaka da kakanni, babu wadda muka yi wa riƙon sakainar kashi kamar sassaƙa. Muna tunawa da maƙera da majema da marina, amma ba kasafai muke ambaton mutanen da suka samar mana da turmi da taɓarya da muciya da allo da ƙotar fartanya ba. Su ne kuma suka ba mu akushi, baƙin kwanon icen da aka yi ɗaruruwan shekaru ana zuba wa magidanta tuwo a cikinsa. A fitowar bana mun ga ya dace mu waiwayi tarihin wannan kwano, da irin ilimin da ke bayan baƙinsa.

Sassaƙa tsohuwar sana'a ce ƙwarai a wannan yanki. A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a kusa da ƙauyen Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da wani kwalekwale binne a ƙasa. Da masana daga Maiduguri da Jamus suka tono shi a 1994, sai aka tarar tsawonsa ya haura mita 8, kuma an fafe shi daga gungume guda kimanin shekara 8,000 da suka wuce. Yana daga cikin tsofaffin jiragen ruwa da aka sani a duniya. Abin da ya tsare shi daga ruɓewa shi ne jiƙaƙƙiyar ƙasar da ta rufe shi ruf, iska ba ta kai gare shi. Wannan batu na iska da laima shi ne ginshiƙin aikin masassaƙi.

A ƙasar Hausa sana'ar ta gado ce, kuma a garuruwa da dama tana da shugabanta, wato Sarkin Sassaƙa. Kowane ice da aikinsa. Ƙirya mai tauri ita ake nema don turmi, aduwa don allon karatu, danya kuwa, saboda tana da sauƙin fafewa, ita ce ta yi suna wajen akushi. Kayan aikin ba su da yawa: gatari na sare bishiya, gizago na fitar da siffa, sai ƙananan ƙarafan da ake kankare ciki da su har ya yi sumul. Maƙeri ke ƙera su duka, shi ya sa zumuncin gidajen biyu ya daɗe.

Ɗanyen ice ya fi daɗin sassaƙa, amma cike yake da ruwa, kuma daga nan abokan gaba biyu ke fitowa. Idan ya bushe da gaggawa, kamar a iskar hunturu ko a tsakiyar rana, bayansa zai riga cikinsa bushewa, sai ya tsage. Idan kuma ya daɗe da laima, kamar a damina, sai fumfuna ta kama shi. Masana katako sun tabbatar cewa fumfuna ba ta samun wurin zama sai ruwan da ke cikin ice ya haura kimanin kashi 20 cikin 100, kuma akwai iska da ɗumi. Wadda ta tsaya a sama ana kankare ta. Akwai kuma wadda ke shiga cikin farin sashen icen da ke kusa da ɓawo, ta bar tabo shuɗi-shuɗi ko toka-toka. Irin wannan ba ta cika rage ƙarfin kwano ba, sai dai wanki ba ya fitar da ita.

Iyayenmu ba su da ma'aunin laima, amma sun san maganin abin. Yawancin aikin da rani ake yinsa, bayan an kawar da amfanin gona. Akan fafe akushi a bar shi da kauri, a ajiye shi a inuwa inda iska ke ratsawa, sai ya sha iska sosai a dawo a ƙarasa shi. Daga nan a babbake fuskarsa da wuta ko ƙarfe mai zafi, a murje shi da mai har ya yi sheƙi. Baƙin nan da muke ɗauka ado ne kawai yana ɓoye tabo, man kuma yana hana miya da ruwan wanki shiga cikin icen. Ba a fafe gora ranar tafiya, in ji Bahaushe, haka ma ba a sassaƙa akushi ranar biki.

Abin da ya karya kasuwar akushi daga waje ya zo. Turawa sun ci Kano a 1903, hanyar jirgin ƙasa ta iso birnin a 1911, kwanukan ƙarfe masu fenti suka fara kwararowa daga ƙasashen waje. Zuwa shekarun 1960 an kafa masana'antun yin su a Legas da Kano, langa da samira da fanteka suka zama kayan jeren amarya, aka riƙa auna gatan yarinya da yawansu. Bayansu roba ta shigo da arharta. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da na 1983 zuwa 1984, tare da saran itacen girki da faɗaɗa gonaki, suka rage manyan bishiyoyin da ake samun gungume daga gare su. 'Ya'yan masassaƙa da yawa suka koma kafinta ko suka bi mu birni.

A birnin ne kuma aka san injin da ke juya katako, ma'aikaci ya kafa masa kaifin ƙarfe yana fere shi. Kafintoci sun fi amfani da shi wajen ƙafafun gado da tebur, amma yana fitar da kwano zagayayye cikin ɗan lokaci, aikin da gizago zai ɗauki yini a kai. Sai dai inji bai sauya halin ice ba. Masu wannan aiki a ƙasashen Turai da Amurka, idan suka fere ɗanyen ice, sukan bar kaurin bangon kwano ya kai kimanin kashi ɗaya cikin goma na faɗinsa, su ajiye shi watanni ya bushe, sannan su mayar da shi kan inji. Wannan ita ce dabarar da masassaƙanmu suka riga suka sani. Matashin da ya sayi inji bai zauna gaban dattijo ya koyi shanya ice ba, kwanonsa ba zai ga damina biyu ba.

Saboda haka muna da kira guda uku ga 'yan uwa mazauna birane. Na farko, wanda ya gaji akushi ya daina kulle shi a leda ko a ƙasan kabad, musamman mu da ke kudu inda laima ta yi yawa. In fumfuna ta fito, a kankare, a wanke, a shanya a inuwa, a shafa mai. Kada a jiƙa shi a ruwa ya kwana, kada kuma a jefar da shi don tabo. Na biyu, idan muka je gida da salla mu nemi masassaƙan da suka rage, mu saya a hannunsu, mu kuma rubuta abin da suka sani tun suna raye. Na uku, mu roƙi ƙungiya ta sanya danya da ƙirya da aduwa cikin dashen bishiyoyinta, domin wanda ya dasa su yau jikokinsa ne za su sassaƙa.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka ciyar da mu da gumin gizago, ya kuma ba mu ikon riƙe abin da suka bar mana, amin.