Tarihin Kayan Bincike da Gyaran Tsarin Fayil na Kwamfuta

Tsarin fayil shi ne ƙa'idar da kwamfuta ko wayar hannu take bi wajen shimfiɗa bayanai a kan faifan ajiya, tare da fihirisar da ke nuna sunan kowane fayil da inda yake kwance; kayan gyara kuwa su ne manhajojin da ake nema idan fihirisar ta saɓa wa abin da ke kan faifan, ko saboda ɗaukewar wuta ana tsakar rubutu, ko lalacewar faifan kansa, ko kuskuren manhaja. Marubuta sun yi saɓani wajen ƙidayar shekarun waɗannan tsare-tsare, wasu suna kirgawa daga ranar shelarsu, wasu daga ranar da suka shiga hannun jama'a. A nan an rinjayar da ƙidaya ta uku, wato daga lokacin da aka sami abin gyara su idan sun ɓaci, domin kafin nan ba a ce amana ta tabbata ba.

Farkon al'amari

A 1980 manhajar fsck, wadda Ted Kowalski na Bell Labs ya rubuta, ta bayyana a Unix, CHKDSK kuma ta bayyana a DOS. Aikinsu shi ne bin fihirisa daga farko har ƙarshe suna gwada ta da faifai, kuma duk fayil ɗin da fsck ta tarar ba shi da mazauni sai ta jefa shi cikin jakar lost+found da lamba a maimakon suna, ta bar mai shi da buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Da faifai suka girma sai binciken ya koma cin sa'o'i, saboda haka aka ƙirƙiro rajista, inda tsarin yake rubuta niyyarsa kafin ya aikata, don in wuta ta dawo ya duba inda ya tsaya kawai. JFS na IBM ya zo da ita a 1990, NTFS a 1993, XFS a 1994, ext3 na Linux a 2001.

Zamanin ZFS da Btrfs

Illar rajista ita ce tana kyautata wa faifai zato, alhali faifai yakan mayar da bayani gurɓatacce ba tare da ya yi ƙorafi ba. Binciken da aka wallafa a 2008 kan faifai miliyan 1.53 na kamfanin NetApp, cikin wata 41, ya gano irin wannan saɓani fiye da sau 400,000.

Wannan mas'ala ce Jeff Bonwick da Matt Ahrens suka fuskanta tun 2001 a kamfanin Sun Microsystems, suka gina ZFS, wanda aka yi shelarsa a 2004, aka saki asalin rubutunsa a Nuwamba 2005, ya shiga Solaris, babbar manhajar kamfanin, a Yuni 2006. Ƙa'idarsa biyu ce: ta farko, ba ya rubutu a kan tsohon bayani, sai ya rubuta sabon a wani wuri, ya gama, sannan ya juya fihirisa gare shi, ta yadda ɗaukewar wuta ba za ta iske shi tsakanin hali biyu ba, ta biyu, kowane gutsuren bayani yana da lambar tantancewa da aka ajiye a wurin gutsuren da ke sama da shi, haka har zuwa tushe, tamkar isnadin hadisi, inda kowane mai ruwaya yake da wanda ya shaide shi. Idan lamba ta saɓa kuma akwai kwafi a wani faifan, sai tsarin ya ɗauko sahihin ya maye gurbin gurɓataccen, umarnin scrub kuma yana bin ajiyar duka yana wannan tahaƙiƙi alhali injin yana aiki.

Bisa wannan hujja masu ZFS suka ce ba ya bukatar fsck, ba su kuma rubuta masa ba. Sai dai an sami faifai masu araha da ke cewa sun rubuta abin da yake har yanzu a ƙwaƙwalwarsu ta wucin gadi, kuma in wuta ta ɗauke a wannan hali sai ajiya ɗungurungum ta ƙi buɗewa. Don haka a 2009 aka ƙara masa hanyar komawa baya zuwa halin ƙarshe da yake lafiya, tare da haƙura da rubutun 'yan daƙiƙoƙin ƙarshe. Wannan ce shekarar balagarsa.

Btrfs, wanda Chris Mason ya fara a Oracle a 2007, ya bi wannan tafarki, ya shiga Linux a Maris 2009 ba tare da abin gyara ba, domin btrfsck na lokacin yana iya nuna cuta amma ba ya magani. Sai a 2012 aka ba shi ikon gyara, kuma littafin bayaninsa ya ci gaba da gargaɗin kada a taɓa wannan umarni sai da shawarar masani, saboda yana iya ƙara ɓarna. Abin da aka fi aminta da shi shi ne a kwashe fayiloli zuwa wani faifai da btrfs restore. Hukuncin manyan masu rarraba Linux a kansa ya rabu: SUSE ya mai da shi tsarinsa na asali a 2014, Red Hat ya sanar da barinsa a 2017, Fedora ta ɗauke shi a 2020.

Abin da ke hannun jama'a

Mutumin Batsari ko Safana a Jihar Katsina ba ya haɗuwa da ZFS, amma wayarsa ta Android tana tafiya a kan ext4 ko F2FS, wanda Samsung ya shigar Linux a 2013, memorinsa kuwa FAT32 ne, ko exFAT in ya haura gigabait 32. Waɗannan biyun na ƙarshe ba su da rajista, ba su kuma da lambar tantance abin da ke cikin fayil, shi ya sa zare memori ana tsakar tura karatu ko fim yake sa waya ta nemi a yi masa fomat. Mai gyaran waya da ya san aikinsa ba ya amsa mata. Yakan sa memorin a kwamfuta, ya fara kwafe shi baki ɗaya, sannan ya kira CHKDSK, wadda sau da yawa take mayar da hotuna a matsayin gutsattsari masu suna irin FILE0000.CHK. Muhimmancin wannan ya fito fili a Satumba 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana, saboda matsalar 'yan bindiga. A watannin nan, wanda memorinsa ya ɓaci ba shi da intanet ɗin da zai sake sauko da abin da ya rasa.

Shekarun baya-bayan nan

Microsoft ya fitar da ReFS a 2012, Apple ya fitar da APFS a 2017, mai tantance fihirisa kaɗai ban da abin da ke cikin fayil. A ƙarshen 2023 aka gano wani kuskure a OpenZFS, magajin ZFS, mai gurɓata fayil yayin kwafewa, wanda scrub ba ya gani, domin lambar tantancewa tana shaidar abin da aka rubuta ne ko da an rubuta shi a kan kuskure. XFS ya kammala hanyar gyara alhali yana aiki a 2024, bayan shekara talatin da haihuwa. Bcachefs na Kent Overstreet ya shiga Linux a Janairu 2024, aka cire shi a 2025 bayan jayayya da Linus Torvalds, jagoran Linux, wadda daga cikin musabbabanta akwai shigar da sabon abin ceto bayanai a lokacin da aka keɓe don gyaran kurakurai kaɗai.